Hoto, allura ko wuƙa: bitar hanyoyin tantance kaluluwa a kansar huhu

Duk cibiyar da ke kula da masu kansar huhu tana da wani aiki da majinyaci ba ya yawan jin labarinsa, alhali a kansa ne kusan dukkan shawarar magani take rataye, wato tantance ko cutar ta tsallaka daga huhu ta shiga kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji. Kaluluwa ƙananan ƙullutai ne masu tace ruwan jiki, irin waɗanda mutum ke ji sun kumbura a wuya ko a hammata, sai dai na ƙirji suna ɓoye ne a gefen maƙogwaro, wato hanyar iska, da ƙarƙashin inda ya rabu biyu, cuɗe da manyan jijiyoyin jini, a wurin da hannun likita ba ya kai wa. Hanyoyin da ake bi a leƙa su a yau sun kasu uku: ɗaukar hoto daga waje, zura allura ta cikin maƙogwaro ko maƙoshi, wato hanyar abinci, da kuma tiyata. Wannan bita ta duba abin da kowace take ba majinyaci da wahalar da take ɗora masa, musamman a nau'in kansar huhu wanda ba na ƙananan ƙwayoyi ba, wanda shi ne kimanin kashi 85 cikin 100 na masu cutar.

Tun a shekarar 2009 ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai nazarin kansar huhu, IASLC, ta fitar da taswirar da ta raba kaluluwar ƙirji zuwa tashoshi 14, kowace da lambarta, domin likitan hoto da likitan huhu da likitan tiyata su riƙa magana da harshe ɗaya. Idan cutar ba ta taɓa kowace tasha ba, ana rubuta N0. Idan ta tsaya a cikin huhun ko a ƙofarsa, N1 ke nan. Idan ta kai tsakiyar ƙirji ta ɓangaren da ciwon yake, ko tasha ta 7 da ke ƙarƙashin mararrabar maƙogwaro, ta zama N2, in kuwa ta haura zuwa ɗaya ɓangaren ko saman ƙashin wuya, to N3 ce. Bugu na tara na tsarin rarraba matakan cutar, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2025, ya ƙara raba N2 gida biyu, mai tasha ɗaya da mai tashoshi da yawa, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa amsar "akwai" ko "babu" ta daina wadatarwa. Mai N0 ko N1 galibi tiyata ake yi masa da niyyar warkewa. Mai N2 yakan fara da magunguna kafin a yi tunanin wuƙa, ko a haɗa masa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, da gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, mai N3 kuwa da wuya a kai shi ɗakin tiyata. Kuskure yana iya faruwa ta fuska biyu: a raina cutar a buɗe ƙirjin mutum a banza, ko a zuzuta ta a hana shi tiyatar da za ta iya warkar da shi. Na biyun ya fi muni a ganina, domin babu ranar da za a gane an yi shi.

Hoton CT shi ne matakin farko, kuma a matsayin hidima ba shi da abin ƙi: mintoci kaɗan ne a kan gado, da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, mutum ya tashi ya tafi. Matsalarsa ita ce girma kaɗai yake aunawa. Ka'idar da aka saba da ita ta ce kaluluwar da faɗinta ya wuce santimita 1 ta gajeren gefenta abin zargi ce, amma kansa na iya zama a cikin wadda ba ta kai haka ba, kuma tsohon ciwon huhu na iya kumbura wadda babu komai a cikinta. Jagorar da kwalejin likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar a 2013, bayan tattara bincike masu yawa, ta nuna cewa a cikin mutum 100 da cutar ta riga ta shiga kaluluwarsu, CT yana gano kimanin 55 ne kawai, a cikin 100 masu lafiyayyar kaluluwa kuwa yana wanke kimanin 81, ya bar sauran da zargi. Amfaninsa na gaskiya shi ne nuna wurin da ciwon yake, da girmansa, da hanyar da allura ko wuƙa za ta bi.

Hoton PET ya zo da wata dabara ta daban. Ana yi wa majinyaci allurar wani nau'in sukari mai ɗauke da sinadarin da ke fitar da haske, a jira kamar awa guda, sai na'ura ta nuna wuraren da suka fi zuƙar sukarin, kasancewar ƙwayoyin kansa sun fi na lafiya cinsa. Shirinsa ya fi na CT wahala, domin sai an ƙaurace wa abinci na wasu awanni, kuma mai ciwon sukari sai an daidaita jininsa, in ba haka ba hoton ya dagule. Sinadarin kuma ba ya ajiyuwa, rabin ƙarfinsa yana tafiya cikin kimanin minti 110, shi ya sa ba kowace cibiya ke iya riƙe wannan na'ura ba. A jagorar nan ta 2013, PET yana gano kimanin 77 cikin 100 na masu cutar a kaluluwa, yana wanke kimanin 86 cikin 100 na marasa ita. Babbar ribarsa ma ba a tsakiyar ƙirji take ba. Yana duba kusan dukkan jiki a zama ɗaya, ya tono cutar da ta ɓuya a ƙashi ko hanta, in ban da ƙwaƙwalwa, wadda ita kanta mai yawan cin sukari ce, don haka ake barin ta ga hoton MRI. Wani gwaji da aka yi a Holan a kan majinyata 188, wanda mujallar The Lancet ta buga a 2002, ya nuna cewa ƙara PET a cikin bincike ya rage buɗe ƙirji na banza daga kashi 41 zuwa kashi 21 cikin 100, kuma ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda aka tsare daga irin wannan tiyata.

Inda nake da ja da yadda wasu cibiyoyi ke amfani da PET shi ne ɗaukar haskensa a matsayin hukunci. Sukari ba kansa kaɗai ke cin sa ba. Tarin fuka, da cutar sakoidosis, da wasu cututtukan fangas, da ƙurar da masu haƙar ma'adinai da masu fasa dutse ke shaƙa, duk suna sa kaluluwa ta yi haske tamkar mai kansa, kuma a yankunan da tarin fuka ya yi yawa, amincin hasken yana raguwa sosai. Ta ɗaya fuskar kuma, ɗigon kansa da bai wuce 'yan milimita ba yakan kuɓuce wa na'urar, haka ma wasu nau'o'in da ba su da saurin girma. Saboda haka duk manyan jagorori sun yi ittifaƙi cewa kaluluwar da ta yi haske sai an ɗebo samfurinta an duba a madubin likita kafin a hana mutum tiyata. Cibiyar da ta tsallake wannan mataki ta gaza, komai tsadar na'urarta.

Allura ta cikin maƙogwaro, wadda likitoci ke kira EBUS, ita ce ta sauya fasalin wannan aiki tun daga farkon shekarun 2000, kuma likitocin Japan na cikin waɗanda suka fara tabbatar da ingancinta. Wani siririn bututu ne mai lanƙwasa da ake zurawa ta baki, a bakinsa akwai ƙaramar na'urar sikanin da ke gani ta bayan bangon maƙogwaro, likita yana kallon kaluluwar a allo yana kuma kallon allurarsa tana shiga cikinta, yana kauce wa jijiyoyin jini. Ana iya yin ta da maganin kwantar da hankali kawai ko da cikakken maganin barci, babu yanka, babu tabo, kuma yawanci a ranar ake komawa gida da ɗan kaikayin wuya da tari. Tana kai wa ga tashoshi na 2 da na 4 ta dama da hagu, da ta 7, har da na 10 da 11 da ke ƙofar huhu, waɗanda tiyatar leƙen tsakiyar ƙirji ta gindin wuya ba ta iya taɓawa. 'Yar uwarta EUS ta maƙoshi take bi, hanyar abinci, kuma ita ce ke isa tashoshi na 8 da 9 da ke ƙasa, da ta 4 ta hagu, har ma da halittar adirenal da ke zaune a saman ƙodar hagu, inda kansar huhu ke yawan sauka. Ƙwararren likita yana iya yin duka biyun da bututu ɗaya a zama ɗaya. Alƙaluman jagorar 2013 sun nuna kowace ɗaya tana gano kimanin 89 cikin 100 na masu cutar a kaluluwa, haɗakarsu kuma 91. A wani gwaji na Birtaniya da aka buga a 2015, farawa da EBUS ya rage lokacin da ake ɗauka kafin a tsayar da magani daga kwana 29 zuwa kwana 14, wanda duk mai jiran sakamakon kansa ya san darajarsa.

Amma a nan ne hidimar ta fi bambanta daga hannu zuwa hannu, kuma a nan ne alƙaluman ke iya ruɗar mai karatu. Idan allura ta fito da ƙwayoyin kansa, magana ta ƙare, domin da wuya ƙwarai a sami kuskure ta wannan fuska. Idan kuwa ta fito babu komai, to darajar wannan "babu" tana ga yadda aka neme ta. Akwai likitan da zai nufi kaluluwa ɗaya da ta yi haske a PET, ya soke ta, ya fito cikin ɗan lokaci. Akwai kuma wanda zai bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya, ya fara da ɓangaren da ke nesa da ciwon, wato N3, ya dawo N2, ya ƙare da N1, don kada allurar ta kwaso ƙwayoyin kansa daga kusa ta kai su cikin samfurin nesa ta ɗaga matakin cutar bisa ƙarya. Irin wannan likita yakan soki duk kaluluwar da ta kai kimanin milimita 5, ya maimaita sukar sau uku a kowace, ya tabbatar aƙalla tashoshi na 4 dama da hagu da ta 7 sun shiga. A takarda duka biyun EBUS aka yi, amma ba abu ɗaya aka ba majinyatan ba. Wasu cibiyoyi suna ajiye masanin ƙwayoyin halitta a cikin ɗakin, yana duba samfurin nan take ya faɗa ko ya wadatar, abin da ke rage yawan suka da kuma dawo da mutum karo na biyu. Samfurin da bai nuna ƙwayoyin kaluluwa ba kwata-kwata shaida ce cewa allurar ba ta shiga inda aka nufa ba, kuma bai halatta a rubuta shi a matsayin sakamako mai tsabta ba.

Tiyatar leƙen tsakiyar ƙirji, mediyastinoskofi, ita ce dattijuwar wannan fage. Likitan Suwidin Eric Carlens ne ya bayyana ta a 1959, kuma ta shafe kusan rabin ƙarni ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Ana sa majinyaci cikakken barci, a yi ɗan yanka a gindin wuya sama da ƙashin ƙirji, a zura ƙarfen leƙe ta gaban maƙogwaro, a yanko gutsattsarin kaluluwa daga tashoshi na 2 da na 4 da gaban ta 7. Fifikonta a bayyane yake: tsoka take kawowa mai kauri, wadda likitan ɗakin gwaji zai yanka ya ga tsarinta, ba 'yan ƙwayoyin da allura ta tsotso ba. Tsohon salonta yana gano kimanin 78 cikin 100, na zamani mai kyamara kuma kimanin 89. Farashinta a jikin majinyaci ya fi na allura nauyi, ko da yake ba ta kai yadda ake tsoronta ba: kimanin 2 cikin 100 ke samun matsala, mutuwa kuwa ba ta kai 1 cikin 1,000 ba. Abin da aka fi fargaba shi ne taɓa jijiyar murya ta hagu, wadda ke bi ta kusa da tasha ta 4, mutum ya farka muryarsa ta dushe, da kuma zubar jini daga manyan jijiyoyin da ke kewaye. Tana kuma barin tabo a ciki, wanda ke sa maimaita ta bayan kemo ya yi wuya ƙwarai.

Gwajin da ya raba gardama tsakanin allura da wuƙa shi ne ASTER, wanda aka yi a Holan da Beljiyam da Birtaniya a kan majinyata 241, mujallar JAMA ta buga shi a 2010. An raba su biyu: wasu aka kai su tiyatar wuya kai tsaye, wasu aka fara musu da allura ta hanyoyin biyu, in ba a ga komai ba sannan a yi tiyatar. Tiyata ita kaɗai ta gano kashi 79 cikin 100, allura ita kaɗai 85, allura da tiyata a bayanta 94, buɗe ƙirji na banza kuma ya sauka daga kashi 18 zuwa kashi 7. Wani bincike a Toronto ta Kanada a 2011, inda aka yi wa majinyata 153 duka hanyoyin biyu, ya same su kusan kunnen doki, allura 81, tiyata 79. Daga nan jagororin Turai da Amurka suka mayar da allura gaba. Gaskiya ta sa a ƙara da cewa da aka bi majinyatan ASTER har shekara biyar, yawan waɗanda suka rayu bai bambanta ba tsakanin ɓangarorin biyu. Ribar farawa da allura ita ce rage wahala da tiyatar banza, kuma mai tallata ta da alkawarin tsawon rai ya wuce abin da shaida ta nuna.

Sauran tambayar ita ce ko lallai ne a bi kowace allura mai tsabta da tiyatar tabbatarwa. A ASTER sai an yi wa mutum 11 tiyatar wuya kafin a kama mutum ɗaya da allura ta kuskure. Likitocin Holan sun sake gwada wannan a kan majinyata 360 a gwajin MEDIASTrial da aka buga a 2023: waɗanda aka wuce da su tiyatar cire ciwon kai tsaye, an tarar da N2 da ba a zata ba a kashi 8.8 cikin 100 nasu, waɗanda aka yi wa tiyatar tabbatarwa kuma a kashi 7.7, tazarar da ba ta kai iyakar da masu binciken suka gindaya ba. Wasu sun karanta wannan a matsayin sallamar mediyastinoskofi, amma sharaɗin shiga gwajin shi ne a riga an yi allurar bisa tsari, tasha bayan tasha. Cibiyar da ke sukar kaluluwa ɗaya ta fito ba ta da hurumin jingina da wannan sakamako, kuma idan hoto yana nuna babbar kaluluwa mai tsananin haske amma allura ta ce babu, ni dai ina ganin har yanzu wuƙa ce ke da ta cewa.

Akwai kuma lungun da allura da tiyatar wuya duk ba sa shiga da sauƙi, wato tashoshi na 5 da 6 da ke gefen babbar jijiyar zuciya, inda kansar saman huhun hagu ta fi fara sauka. Da can ana isa gare su ta yanka a gefen ƙashin ƙirji, hanyar da ke ɗauke da sunan likita Chamberlain tun 1966, yanzu kuwa an fi shiga ta tsakanin haƙarƙari da kyamara. Likitocin Jamus da na Folan sun ƙirƙiro faɗaɗɗun tiyatocin wuya da ke kwashe kaluluwar gaba ɗaya maimakon gutsure ta. Suna gano cuta sosai, amma sun fi taɓa jijiyar murya, kuma cibiyoyi ƙalilan ne suka ƙware a kansu.

Ba kowa ne ke buƙatar allura ko wuƙa ba, kuma cibiya tagari ta san wanda za ta ƙyale. Jagorar ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Turai ta 2014 ta yarda a wuce tiyata kai tsaye idan ciwon bai wuce santimita 3 ba, yana can gefen huhu, kuma CT da PET duk ba su nuna komai a kaluluwa ba. Idan kuwa ciwon ya fi haka girma, ko yana kusa da tsakiya, ko ana zargin N1, to a ɗebo samfur ko da hotunan sun fito fes, domin a irin waɗannan ne cuta ke yawan ɓuya. Wanda za a yi wa gashi mai ƙarfi a madadin tiyata, saboda raunin huhu ko zuciya, yana da ƙarin dalilin neman allura, tun da shi babu ranar da likita zai buɗe ƙirjinsa ya ga abin da hoto ya ɓoye.

Majinyaci ko ɗan uwansa ba zai iya auna gwanintar hannun likita ba, amma takardar sakamako tana tona abubuwa da yawa. Rahoton da ya ce kawai an duba kaluluwa ba a ga kansa ba, bai cika ba. Na kirki yana ambaton kowace tasha da lambarta, da girman abin da aka gani, da sau nawa aka soka, da ko samfurin ya ƙunshi ƙwayoyin kaluluwa, da dalilin barin duk tashar da aka bari. Yana da kyau a tambaya ko samfurin ya isa a yi gwajin sauye-sauyen ƙwayar gado irin su EGFR da ALK da kuma alamar PD-L1, domin a yau zaɓin magani yana rataye a kansu, kuma rashin isarsa yana nufin sake shiga ɗakin. Yana da kyau kuma a san ko likitocin huhu da hoto da tiyata da gashi suna zama tare a kan kowane majinyaci, da kuma ko hotunan ba su tsufa ba kafin ranar aiki, kasancewar cutar ba ta jiran layi.

Tun da gwajin CheckMate 816 na 2022 ya nuna amfanin haɗa kemo da maganin tayar da garkuwar jiki kafin tiyata, tantancewar farko ta ƙara nauyi, saboda maganin na iya share cutar daga kaluluwa, ta yadda in ba a tabbatar da ita tun farko ba, ba za a taɓa sanin ainihin matakin da mutum ya fara da shi ba. Maganin garkuwar jiki kuma yana iya kumbura kaluluwa ya sa ta haske a PET ba tare da kansa ba, wanda ke ƙara rage amincin hoto bayan magani. Wannan ya ba da wani dalili na farawa da allura: tiyatar wuya sau ɗaya take yiwuwa cikin sauƙi, don haka ya fi a adana ta domin dubawa ta biyu, lokacin da kaluluwa ta yi tauri da tabo har allura ba ta fitar da abin dogaro. A ranar cire ciwon kuma, ma'aunin da kwalejin likitocin tiyata ta Amurka ta gindaya wa cibiyoyin da take tantancewa shi ne a ɗebo kaluluwa daga aƙalla tashoshi uku na tsakiyar ƙirji da ɗaya ta ƙofar huhu, kowace a kai ta ɗakin gwaji da lambarta a jiki.